Tsakanin Gunaguni da Kai Kuka

A yawancin majami'un da ake sujada da Hausa, daga Wusasa zuwa Kafanchan, daga Biliri zuwa Maraɗi, akan ware ɗan lokaci kafin wa'azi domin shaida. Mai bi da sujada zai ce duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu ya fito ya faɗa. Sai a fito ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda. Wancan motarsu ta ƙwace a hanyar Saminaka, amma ko ƙwarzane bai yi ba. Wani ɗansa ya sami gurbi a jami'a, wata kuma an biya ta haƙƙin mijinta bayan ta gaji da zirga-zirga. Kowa ya gama sai ya roƙi jama'a su taya shi godiya, a amsa da Halleluya, mata su rangaɗa guɗa. Abu ne mai kyau, ba na fatan a daina shi.

Sai dai a cikin masu fitowar nan babu matar da ta yi tata naƙudar jaririn bai zo da rai ba. Babu ɗan'uwan wanda ke cikin ɗaya motar. Suna nan a majami'a, a kan benci, suna tafi tare da kowa. Ba wanda ya kafa dokar hana su fitowa. Abin da ke bakinsu ne ba shi da gurbi a tsarin sujadar. Da ɗayansu zai yi ƙarfin hali ya miƙe ya ce, "Na yi addu'a, na yi azumi, Allah bai amsa ba, kuma ban gane dalili ba," da majami'ar ta yi tsit, kafin a tashi kuma an yi wa ciwonsa suna. Wasu za su ce shakka ta kama shi. Wasu za su ce gunaguni yake yi wa Allah. Kowa kuma zai ba shi magani iri ɗaya: ya yi haƙuri. Waɗannan kalmomi uku muna ta juya su kowace Lahadi, ba mu cika tsayawa mu duba abin da ke cikinsu ba.

Bahaushe yana da kalmomi da yawa a fagen rashin tabbas, kuma kowace da inda ta dosa. Kokwanto na mai lissafi ne da ya ga kamar adadin bai cika ba. Tababa ta mutum biyu ce masu ja-in-ja a kan abin da ya faru. Waswasi daga waje yake zuwa, raɗa ce a kunnen zuciya, shi ya sa da an ambace shi sai a tuna da Shaiɗan. Ita kuwa shakka fuska biyu gare ta. In na ce ina shakkar labarin da ka kawo, ban gaskata ba ke nan. Amma in aka ce yaro yana shakkar mahaifinsa, kowa ya san kwarjini ake nufi, ba ya iya haɗa ido da shi. Ɗan dambe kuma in ya shiga fage yana kirarin ba ya shakkar kowa, tsoro yake magana a kai. A kan mumbari mun rufe ido ga wannan bambanci, mun mayar da kowace irin tambaya waswasi. Alhali wanda ke kwana ido biyu yana juya maganar Allah a ransa, sau da yawa shakkarsa ta haɗa fuskokin nan biyu: bai tabbata ba, kuma yana jin nauyin wanda bai tabbata a kansa ba. Wanda Allah bai dame shi ba barcinsa yake sha.

Toma ne muka fi jifa da wannan kalma. Yaro ya cika tambaya a Makarantar Lahadi sai malama ta ce masa kada ya zama Toma. Amma wanda ya bi Bishara ta hannun Yohanna a hankali zai ga wani mutum dabam. A sura 11, lokacin da Yesu ya ce za a koma Yahudiya inda ba da daɗewa ba aka nemi jifansa, sauran almajiran suna ta nuna hatsarin da ke ciki, Toma ne ya ce su tashi su tafi, in mutuwa ce a mutu tare. A sura 14, kowa ya yi shiru kamar ya fahimci inda Yesu ya ce za shi, Toma ne ya fito fili ya ce su fa ba su san wurin ba, balle hanyarsa. Amsar da aka ba shi ita ce aya ta 6, wadda kusan kowane yaron ikkilisiya ya haddace, ana rubuta ta a jikin motoci da bangon shaguna. Muna son amsar, muna zagin wanda ya yi tambayar.

A sura 20 ma, me ya roƙa wanda ya wuce na sauran? Luka ya shaida cewa da matan suka dawo daga kabari da labarin tashin, manzannin sun ɗauke shi tatsuniya. Ba su gaskata ba sai da Yesu ya tsaya a tsakiyarsu ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa. Toma ba ya nan a ranar. Abin da aka nuna wa goma shi ma ya ce a nuna masa. Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne makon da ya biyo baya. Mako guda cur mutumin nan yana zaune cikin 'yan'uwa yana cewa bai yarda da babban abin da ya tara su ba, kuma da Lahadi ta zagayo yana cikin ɗakin. Dattawa ba su zauna a kansa ba. Ba a sa shi ƙarƙashin horo ba, ba a mayar da shi bencin baya ba. Da Yesu ya zo, abin da Toma ya roƙa shi ya fara miƙa masa, sannan ya tsauta masa a taƙaice. Daga bakin wannan mutum ne kuma aka ji furci mafi nauyi a dukan littafin, inda ya kira Yesu Ubangijinsa kuma Allahnsa. Kiristocin Kerala a kudancin Indiya har yau suna riƙe da cewa shi ne ya kai musu bishara, suna kuma kiran kansu da sunansa.

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Toma ya gani. Mu kuwa mutanen ji ne, kuma Yesu da kansa ya san namu ya fi wuya, shi ya sa ya keɓe albarka ga waɗanda za su gaskata ba tare da sun gani ba. Matta ma bai ɓoye wa kowa ba: a kan dutsen Galili, a aya ta 17 ta sura ta ƙarshe, ya ce sun yi masa sujada amma waɗansu suna shakka. Aya ta gaba ce ta fara umarnin zuwa ga dukan al'ummai, wanda ake karantawa a kowane taron aika masu bishara. Ba a tace masu shakkar an fitar kafin a ba da aikin ba. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, da kurkukun Hirudus ya yi masa tsawo sai ya aika a tambayo masa ko wannan ɗin ne, ko kuwa a ci gaba da jiran wani. Manzanninsa na juya baya Yesu ya shiga yabonsa a gaban taro. Ba a kuma fitar da shi daga kurkukun ba. Can aka fille masa kai.

Gunaguni ya fi shakka muni a kunnenmu, kuma da dalili. Labarin Isra'ilawa a jeji cike yake da shi, Bulus ma ya gargaɗi mutanen Korinti da abin da ya same su. To amma a duba sura 11 ta littafin Musa na huɗu, wanda tsohuwar fassara ta kira Lissafi, ta baya kuma ta kira Ƙidaya. Surar ta buɗe da jama'a suna gunaguni, wuta ta ci gefen zango. Suka ci gaba da kuka a ƙofofin bukkokinsu suna tuna kifi da albasa da tafarnuwar Masar. Sai ga Musa ya buɗe baki. Abin da ya faɗa ya fi nasu zafi nesa ba kusa ba. Ya tambayi Allah me ya sa ya wahalshe shi haka, ko shi ne ya ɗauki cikin mutanen nan da za a ce ya goya su, ya ce in haka za a ci gaba gara a kashe shi ya huta. Wuta ba ta sauko masa ba. An ba shi dattawa 70 su taya shi ɗaukar kayan.

Wanda ya san zaman fada ba zai rasa gane wannan ba. Talaka biyu aka ƙwace wa gona. Ɗaya ya zauna a gindin bishiya yana ƙunƙuni, yana zuga maƙwabta cewa sarkin nan ba shi da amfani, gara a yi ƙaura. Ɗayan ya tafi fada, ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, an zalunce ni a ƙasarka, kana kallo." Maganar na biyun ta fi kaifi, a gaban idon sarki ma ya yi ta. Amma na farkon ne ya fita daga biyayya. Shi na biyun zuwansa kaɗai shaida ce cewa ya yarda akwai sarki, ƙasar tasa ce, kuma adalci aikinsa ne. Wannan shi Bahaushe ke kira kai kuka. Isra'ilawa sun yi maganar Allah a bayansa, har suka kai ga shawarar naɗa shugaba su koma Masar. Musa ya yi magana da Allah. Bambancin yana ga wanda aka fuskanta, zafin kalma bai shiga lissafin ba.

Da zarar mutum ya riƙe wannan, sai ya ga Littafi Mai Tsarki ya cika da masu kai kuka. Masana sukan ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 na makoki ne. Zabura 13 ta jera tambayar har yaushe sau huɗu. Ta 44 ta ce wa Allah jama'arsa ba su karya alkawari ba amma ya bar su ana yanka, ta kuma tambaye shi ko barci yake yi. A ta 73 Asaf, shugaban mawaƙan haikali, ya yarda cewa saura ƙiris ƙafarsa ta zame don ganin yadda mugaye ke ƙiba. Ta 88 ita ce mafi nauyi: yawancin irin waɗannan zabura sukan juya su ƙare da yabo, ita kuwa da duhu ta ƙare, kuma waɗanda suka tattara littafin ba su ga ya kamata su gyara mata ƙarshe ba. Habakkuk da tambaya ya fara annabcinsa. Irmiya, a sura 20, ya zargi Allah da cewa ya rinjaye shi ya bar shi abin dariya. Akwai littafi guda, sura 5, da sunansa ma Makoki. A kan gicciye, farkon Zabura 22 ne ya fito daga bakin Yesu, Markus kuma ya adana kalmomin a harshen Aramiya yadda aka furta su, kamar yana tsoron kada wani ya zo ya sassauta su. Waɗannan duka waƙoƙin sujada ne da karatun jama'a. An rera su a bainar mutane.

Kuma duk suna nan da Hausa tun tuni. Wani mai bishara, Schön, ya fitar da Bisharar Matta a 1857. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka sha fama da shi, aka kuma sake wata fassarar a 1979. Da yawa cikin Berom da Bajju da Tangale da Bura da Ngas da Dakarkari da wannan Hausar suka koyi karatu da addu'a. Kalmomin kai kuka suna hannun kowace tsohuwa da ke zuwa sujada da littafinta a naɗe cikin leda. Shafukan ne ba a cika buɗewa ba.

Sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuyar taɓawa, domin babu kalmar da ta riƙe zaman Hausawa kamarsa. Maganin zaman duniya ne, mai shi yakan dafa dutse. Amma a lura da bakunan da yake fitowa. Wanda ya taka maka ƙafa zai ce ka yi haƙuri. Wanda ya hana almajiri sadaka haka zai ce. Wanda ya riƙe albashin ma'aikata wata da watanni haka zai ce. Matar da ta gudo gida da kumburarriyar fuska haka za a ce mata kafin a mayar da ita. A waɗannan wurare kalmar ta tashi daga halin kirki da mai ciwo ke nunawa, ta koma hanyar rufe zance. Ma'anarta ita ce, na ji, ya isa haka. A gidan makoki ma sau da yawa haka muke amfani da ita, ko da da kyakkyawar niyya. "Mama, a yi haƙuri. Nufin Allah ne. Kada ki yi kuka kamar marasa bege." Ayar da ake jingina da ita, a wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa, irin baƙin cikin ta bambanta, ba ta hana shi ba. Yesu ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, yana kuwa sane da abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce masu tsoron Allah ne suka binne Istifanus, suka kuma yi masa makoki mai zafi.

Duk wanda ake ba haƙuri sai an kawo masa Ayuba. Littafin Ayuba sura 42 ne. Ayuban da muke wa'azi a kansa yana cikin biyu na farko da rabin ta ƙarshe: ya rasa dukiya da 'ya'ya goma, ya ce wanda ya bayar shi ya karɓe, daga baya aka ninka masa. Tsakanin nan kuwa akwai wani Ayuba da ba a cika gayyatarsa mumbari ba. A sura 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya ce Allah ya mayar da shi abin bara. Ya nemi a ba shi ranar shari'a ya tsaya gaba da gaba da Mahaliccinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun fara da abin da ya dace: suka zauna da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, zaman makoki irin wanda kakanninmu suka sani. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace. Kuma abin da suka faɗa ba shirme ba ne, tauhidi ne tsararre: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, saboda haka ka binciki kanka, ka tuba, ka daina wannan irin magana. Da za a ɗauko jawabin Elifaz a karanta ranar Lahadi ba tare da an faɗi mai shi ba, da an sha Amin.

A ƙarshe Allah ya yi magana daga cikin guguwa, sura huɗu, bai kuwa gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba ko da kalma ɗaya. Ayuba ya sunkuyar da kai, ya ce dā labari yake ji, yanzu idonsa ya gani. Sannan aka zo ayar da ya kamata kowane mai zuwa ta'aziyya ya sani, ta 7 a sura 42. Allah ya juya ga Elifaz ya ce ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Masu kare Allah aka ce sun yi kuskure. Mai ƙarar aka ce ya yi daidai, shi aka kuma sa ya yi musu addu'a. Haƙurin Ayuba, in an bi littafin, shi ne bai bar ƙofar ba. Ya yi ta ƙwanƙwasawa yana ɗaga murya, bai juya ya tafi ba. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke tarayya da su a wannan harshe, suna da irin wannan a Suratu Yusuf: Annabi Yakubu ya ɗauki kyakkyawan haƙuri, duk da haka ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka yi masa magana kuma ya nuna musu cewa ga Allah yake kai kukansa. Haƙuri da kai kuka sun zauna a zuciya ɗaya.

Elifaz bai mutu ba. Yana nan a cikin wa'azin da ke gaya wa mai ciwon ƙoda cewa bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, da wanda ke gaya wa matar da ba ta haihu ba cewa akwai zunubin da ta ɓoye, ko baikon da ta ƙi bayarwa. Masu wannan koyarwa ba su cika karanta cewa Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa aka ce masa a'a ba, ko cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimus kwance ba lafiya a Militus.

Da a ce ikkilisiya ce mai zaman jin daɗi, da sai a ce wannan zancen masu littafi ne. Amma a tuna waɗanda ke zaune a bencin. Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin Katolika na Madalla ana fitowa daga sujada. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ikkilisiyar da ta faro a Garkida a 1923, wadda kuma ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi, ta faɗa hannun mayaƙa, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Wata guda bayan haka aka kashe masallata masu yawa a babban masallacin Juma'a na Kano, domin wutar ba ta zaɓi gida ɗaya ba. A 2018 aka dawo da mafi yawan 'yan matan da aka sace a Dapchi aka riƙe Leah Sharibu. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika. Akwai uwayen da suka yi fiye da shekara goma suna addu'a ɗaya. Wasunsu an amsa musu, sun fito sun ba da shaida, mun taya su murna. Waɗanda ba a amsa wa ba, da wace waƙa za su yi sujada? Littafin Waƙoƙi yawancinsa yabo ne da kira zuwa tuba da begen sama. Zumuntar Mata, waɗanda su ne manyan mawaƙan wannan ikkilisiya, da tulunsu da muryoyinsu sun yi waƙar koyarwa, sun yi ta gargaɗi, sun yi ta ta'aziyya. Waƙar da ke fuskantar Allah ta tambaye shi har yaushe, kaɗan ce ƙwarai.

Akwai kuma wata shakkar wadda ba daga kabari take fitowa ba, daga aji take fitowa da kuma waya. Yaron da ya taso a Kano ko Zariya ko Damagaram tun yana ƙarami yake jin tambayoyi a kan Triniti da kan ingancin Linjila, dā a kaset ɗin Ahmed Deedat, yanzu a bidiyon da ke yawo a WhatsApp. Wata rana sai a nuna masa cewa ayoyi 12 na ƙarshen Markus ba su cikin tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Vatican, haka ma labarin matar da aka kama da zina a farkon Yohanna sura 8. Gaskiya ne, kuma ba asiri ba ne. Ana koyar da shi a makarantun tauhidi, irin ta Bukuru da aka buɗe a 1959, juyi da yawa ma suna rubuta shi a ƙasan shafi. Masana Kirista ne da kansu suka gano shi suka buga, ta hanyar gwada dubban kwafe da juna, kuma babu wata babbar koyarwa da ta rataya a kan waɗannan ayoyi kaɗai. Amma in yaro ya fara jin wannan daga bakin mai gardama da shi, ya kawo gida aka ce masa ya rufe baki Shaiɗan ne, abin da zai fahimta shi ne akwai abin da ake ɓoye masa. Daga ranar ba zai ƙara tambaya ba. Zai ci gaba da zuwa, ya yi waƙa a ƙungiyar Sabon Rai, ya ɗaura aure a majami'a, alhali ya daɗe da tafiya. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya sami mai amsa masa.

Na san abin da fasto mai kula da garke zai ce, kuma ba zan raina shi ba. Jama'ar da ke zaune cikin matsi ba ta son a riƙa girgiza mata ginshiƙi. Wasiƙar Yakubu ta kwatanta mai shakka da raƙuman teku, ta ce kada ya sa ran samun kome. Akwai kuma tambayar da ba neman amsa take yi ba: wani ya riga ya yanke shawarar abin da yake so ya aikata, yana neman hujjar da zai fake da ita, wani kuma ya mayar da shakka ado don a ce ya yi boko. Duk wannan haka yake. Amma mutumin da Yakubu ke magana a kansa mai zuciya biyu ne, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9 zuciyarsa ɗaya ce, ƙarfinta ne ya gaza, shi ya sa a numfashi guda ya ce ya gaskata ya kuma roƙi a taimaki rashin gaskatawarsa. An warkar masa da ɗansa. A sura ta farko ta Luka, Zakariya da Maryamu sun yi wa mala'ika ɗaya tambayoyi masu kama da juna, aka rufe bakin ɗaya, aka yi wa ɗaya bayani. Rarrabe irin waɗannan aikin makiyayi ne, ba kuwa zai iya ba sai ya bar mutum ya gama maganarsa. Yahuza, a 'yar gajeriyar wasiƙarsa, jinƙai ya ce a nuna wa masu shakka.

Roƙona yana ga mutum uku. Baba Fasto, a jana'iza ta gaba da za ka bi da ita, in ta matashi ce ko ta wanda aka kashe, ka karanta Zabura 88 har ƙarshenta, ka ba jama'a ɗan lokaci kafin ka kawo ayar tashin matattu. Malamin ajin baftisma, ka gaya wa yaran nan maganar ƙarshen Markus da bakinka kafin su ji ta a waje. Ku kuma iyayenmu na Zumuntar Mata, ku da kuka sa wa labarin Nuhu da na budurwai goma murya har yara suka haddace, ku sa wa Zabura 13 da ta 44 murya, ku rera su ranar Lahadi da safe a gaban kowa.